Yadda za ku nuna wa ɗalibai tsararriyar mutuwa a jikin shuka, da reza da karan dawa

Littattafan bayoloji da muke koyarwa da su a sakandare suna daɗewa a kan yadda ƙwayar halitta ke girma da yadda take rabuwa biyu, amma da wuya su ce komai a kan yadda take mutuwa. Ɗalibi yakan fita da tunanin cewa mutuwar ƙwaya lalacewa ce kawai. Alhali itacen da aka hura wuta da shi a gidansu, da garin da aka tuƙa tuwo da shi, da totuwar karan da yake wasa da ita, duk ragowar ƙwayoyi ne da suka mutu a lokacin da aka ɗibar musu, a wurin da aka ɗibar musu, domin shukar ta rayu. Ni malamin bayoloji ne, kuma ina ganin wannan darasi bai kamata ya tsaya a allo ba, tunda kayan aikinsa suna nan a gonar bayan makaranta. Ga yadda nake yi, ga kuma abin da nake ba abokan aiki shawara.

Ku sa darasin a zangon farko, tsakanin Satumba da Nuwamba. A lokacin dawa ta fid da kai, shinkafa na fadama, wake na gona, ganye kuma ya fara juyawa. Idan kuka bari sai bayan sanyi ya shiga, rabin kayan aikin sun tafi rumbu.

Kayan da za ku tara ba su da yawa: reza sabuwa, gilashin ƙara girma na hannu, kalar abinci ja ko shuɗiya, faranti, ƙananan robobi na shuka, da maikuroskof idan makarantar na da shi, ko da guda ɗaya ne. Ku liƙe baki ɗaya na rezar da salatif, kuma a ƙananan azuzuwa malami ne kaɗai zai yi yanka. Sirrin yanka shi ne a jiƙa rezar, a yi ta sharɓe siraran yanka da yawa cikin farantin ruwa, sannan a zaɓi wanda ya fi siranta. Kada ku tsaya neman yanka ɗaya mai kyau, a cikin goma ake samun sa.

Kafin a taɓa reza, akwai magana ɗaya da nake so ta zauna a kan ɗalibai. Mutuwa iri biyu ce. Akwai wadda aka auka wa ƙwaya da ita daga waje, kamar wuta ko ruwan zafi ko guba mai ƙarfi. Akwai kuma wadda ƙwayar ce da kanta ke aiwatarwa bisa tsarin da Allah ya ajiye a cikin gadonta. Ta biyun tana da wurinta, tana da lokacinta, tana bin mataki bayan mataki, kuma ana iya hanzarta ta ko a dakatar da ita. Ƙwayar da ba ta da rai ba za ta iya yin irin wannan mutuwa ba, domin aiki ne da ke cin ƙarfi. Duk gwajin da za mu yi, waɗannan alamu muke nema.

Masu binciken dabbobi ne suka fara ba abin suna. Richard Lockshin da Carroll Williams sun yi amfani da kalmar tsararriyar mutuwa a 1964, suna nazarin tsokar wani malam-buɗe-littafi mai yin siliki. A 2002 aka ba Sydney Brenner da Robert Horvitz da John Sulston kyautar Nobel kan aikinsu a jikin wata 'yar ƙaramar tsutsa, inda ƙwayoyi 131 cikin 1090 ke mutuwa a kowace tsutsa, kullum su ɗin dai. Ku faɗi wannan, amma kada ku kwashe bayanin dabbobi ku ɗora wa shuka. A jikin dabba ƙwayar da ta mutu takan farfashe, wasu ƙwayoyi su haɗiye ta. Ƙwayar shuka tana cikin bango mai tauri, babu mai haɗiye ta. Hanyar da ta fi yawa ita ce babbar jakar ruwan da ke tsakiyar ƙwayar ta cika da sinadarai masu narkarwa, ta kumbura, ta fashe, su cinye duk abin da ke ciki. Bangon sau da yawa yakan rage, kuma shi ne abin da shukar take so tun farko.

Da karan dawa nake farawa, domin babu ɗalibin da bai san shi ba. Ku samo karan dawar hatsi da ta fara nuna, ku samo takanɗa, ku yanke gaɓa ɗaya daga tsakiyar kowanne, tsawonsu ɗaya. Ku tsaga su a tsaye. Cikin na dawa fari ne fat, busasshe, yana lotsawa a ƙarƙashin farce. Cikin takanɗa kuwa jiƙe yake, yana da nauyi, in an matsa ruwa ya fito. Ku bar ɗalibai su riƙe su a hannu biyu su ji bambancin nauyi, in akwai sikeli a auna. Sai ku tambaye su: su biyun dawa ne, a ƙasa ɗaya suka tsiro, ruwa ɗaya suka sha, me ya busar da wannan ya bar wancan? Yawancinsu za su ce rana. Sai ku kawo ƙaramin karan dawar da bai fid da kai ba, ku tsaga gaɓar sama mai taushi, su ga cikinsa ma jiƙe yake. Bawon karan da ya girma har yanzu kore ne, da ransa, ciki ne kaɗai ya mutu. Rana ba ta tsallake bawo ta ƙona ciki.

Amsar ta fito fili a 2018, lokacin da masu bincike a Japan, da wasu a Sin, suka gano ƙwayar gadon (wato umarnin halitta da shuka ke gada daga iyayenta) da ake kira D. Ita ce ke ba ƙwayoyin totuwa umarni su narkar da abin da ke cikinsu su mutu, iska ta maye gurbin ruwa. Wannan iskar ce ke sa totuwa fari. A irin dawa mai kara mai ruwa, ƙwayar gadon nan ba ta aiki, saboda haka ƙwayoyin totuwar suna nan da ransu suna riƙe da ruwa, shi ya sa ake iya shan zaƙinsu. Akwai alamar da za ku koya wa ɗalibai su gane kara tun bai tsagu ba: ku dubi jijiyar tsakiyar ganye. Idan fara ce tas, karan busasshe ne a ciki. Idan kore-kore ce mai duhu, karan mai ruwa ne. Masu kiwon iri sun san wannan alama shekaru da dama kafin a san dalilinta. Ku tura ɗalibai su bi layin gona su yi hasashe daga ganye, sannan a tsaga kara a gani. A ganina babu gwajin da ya kai wannan shiga zuciyar yaro, domin abin da yake tauna tun yana ƙarami ne aka buɗe masa.

Na biyu shi ne bututun ruwa. Ku yanko reshen alayyahu mai farin kara ko na tumatir, da ganyensa, ku sake yanke gindin a cikin ruwa don kada iska ta shiga, ku tsoma shi a kofin ruwa mai kala sosai, ku ajiye a inda iska ke kaɗawa. Bayan awa biyu ko uku ku yanka karan a gicciye. Za a ga ɗigo-ɗigo masu kala a jere, sauran naman karan bai rinu ba. Waɗannan ɗigo su ne bakin bututun da ke kai ruwa daga saiwa zuwa ganye. A maikuroskof za ku ga ramuka ne masu kaurin bango, babu komai a cikinsu. In kuka yi yanka a tsaye, wani lokaci za ku dace da ganin zobba ko murɗaɗɗen zare a jikin bangon.

Kowane bututu jerin ƙwayoyi ne da suka taɓa rayuwa. Kowace ta fara da gina wa kanta bango na biyu, ta ƙarfafa shi da sinadarin lignin, sannan jakar ruwanta ta fashe, cibiyarta ta narke cikin mintuna, bangon da ke tsakaninta da ta samanta ya huje. Kamar mai haƙar rijiya ne da ya ɗaure gefen ramin da siminti, ya kwashe ƙasar ciki, ya fita ya bar wa ruwa hanya. A 1980 Hiroo Fukuda da Atsushi Komamine a Japan suka nuna cewa za a iya ware ƙwayoyin ganyen furen ziniya a cikin ruwan gwaji, a ba su sinadaran girma guda biyu, cikin kamar kwana uku da yawansu su koma irin waɗannan bututu su mutu. Wato mutuwar ana kunna ta ne da saƙo.

Gwajin da ya fi buƙatar shiri shi ne na saiwar masara, kuma shi ne ya fi nuna cewa shuka tana amsa halin da ta shiga. Ku shuka masara a robobi shida masu huji a gindi, a ƙasa mai yashi da taki isasshe. Maganar taki ba ƙarami ba ce: ƙarancin naitirojin ko fosfaras shi ma yana jawo irin ramukan da muke nema, sai gwajin ya rikice. Bayan kamar kwana goma zuwa sha biyu, ku ɗauki robobi uku ku nutsar a bokiti, ruwa ya haura saman ƙasa da kamar yatsa biyu, ganye na waje. Sauran ukun ku ci gaba da ba su ruwa yadda aka saba. Bayan mako guda ku wanke ƙasar a hankali, ku zaɓi saiwoyi masu kauri, farare, waɗanda suka fito daga gindin kara. Ku yi yanka a wuri biyu: dab da tsinin saiwa, da kuma can baya, kamar tsawon ɗan yatsa daga tsinin.

A masarar da ba a nutsar ba, naman da ke tsakanin bawon saiwa da zuciyarta cike yake da ƙwayoyi zagaye-zagaye a jere. A wadda aka nutsar, yankan baya zai nuna manyan ramuka, sai siraran bango da suka rage suna haɗa bawo da zuciya. Yankan kusa da tsini kuwa zai kasance a cike ko da a wadda aka nutsar. Ku sa ɗalibai su zana abin da suka gani, su lura da abin da bai mutu ba: bawon waje lafiya lau, zuciyar da bututun ruwa ke ciki lafiya lau. Da ruɓewa ce, da ba ta zaɓa ba.

Abin da ya faru shi ne, ƙasa mai ruwa ba ta da iskar oksijin, kuma iskar etilin da saiwa ke fitarwa ta rasa hanyar fita ta taru a ciki. Etilin ɗin nan, wanda shi ne dai ke nunar da ayaba da mangwaro, shi ke ba wasu ƙwayoyin tsakiya umarnin mutuwa. Ramukan da suka bari sun haɗe sun zama hanya daga kara har ƙasa, iska na bi ta kai wa tsinin saiwa. An tabbatar da haka ta hanyar ba saiwar sinadarin azurfa, wanda ke hana shuka jin etilin: ruwan na nan, ƙarancin iskar na nan, amma ramukan ba su samu ba. Ku kawo saiwar shinkafa daga fadama ku yanka a gefe. Ita shinkafa tana yin waɗannan ramuka ko ba a nutsar da ita ba, in ruwa ya kwanta ta ƙara. Daga nan ɗalibi zai gane da kansa dalilin da ya sa shinkafa ke zama cikin ruwa a gonakin Kadawa ta jihar Kano, masara kuma in ruwa ya daɗe a gindinta sai ta yi rawaya, domin ita sai bayan matsala ta zo take fara buɗe hanyar.

Ku yi hattara da abu ɗaya. Ba kowane rami a jikin shuka ne mutuwa ta haƙa ba. Sandar ganyen bado tana da hanyoyin iska manya, har yara kan hura ta a ruwa kumfa ya fito, amma waɗannan ƙwayoyi ne suka buɗa suka ba juna fili yayin girma. Kada ku haɗa ta da masara a matsayin misali ɗaya. Lawashin albasa ya fi kusa da misalin masara: ku yanka sabon ganye daga can ƙasa inda yake cike, ku hau sama kuna yanka har inda ya zama bututu.

Tsabar hatsi ba ta ɗaukar lokaci. Ku jiƙa masara ta kwana, ku tsaga ta a tsaye ta tsakiyar idon. Idan kun samu sinadarin tetrazoliyam, wanda masu gwajin iri ke amfani da shi, ku haɗa kashi 1 cikin 100 a ruwa mai tsabta, ku tsoma tsagin a ciki, ku rufe a duhu awa ɗaya ko biyu. Duk inda ke numfashi zai yi ja. Idon da zai tsiro zai yi ja, farin garin da ya cika tsabar zai tsaya fari. Ku tafasa wasu tsabobi ku gwada su tare, babu inda zai yi ja. Ƙwayoyin farin garin sun cika kansu da sitaci ne suka mutu tun zangarniya na gona. Akwai siririn layi guda a ƙarƙashin dusa da ke nan da rai har ranar tsiro. Idan ruwa ya shiga, idon ya aika masa da saƙo, shi kuma ya fitar da sinadarin da ke mayar da sitaci sukari, in ya gama ya mutu shi ma. Wannan ne aikin tsiron hatsi da mata ke sa wa kunun zaƙi. Ku ba ɗalibai tsiro da busasshiyar tsaba su tauna su kwatanta.

Ga ganye kuma, ku tsinko lafiyayyun ganyen wake masu girma ɗaya. Kashi ɗaya a kan jiƙaƙƙen tsumma a bakin taga, kashi ɗaya a kan jiƙaƙƙen tsumma cikin kabad mai duhu, kashi na uku a tsoma a tafasasshen ruwa minti ɗaya kafin a ajiye. Cikin kwana huɗu zuwa shida, ganyen da ke duhu zai riga na haske yin rawaya. Wanda aka tafasa zai yi laushi ya dushe, amma ba zai yi wannan rawaya mai tsabta ba. Rawayar ganye aikin ganye mai rai ne: yana warware koren sinadarinsa, yana tattara naitirojin domin a tura wa sabon ganye ko 'ya'ya. Shi ya sa garin kuka yake kore, an shanya ganyen ya bushe kafin ya sami damar yin wannan aiki. Shi ya sa kuma masarar da ta rasa taki take fara rawaya daga ganyen ƙasa, daga tsini ta bi jijiya. In akwai gawo kusa da makaranta ku tambayi ɗalibai me ya sa yake zubar da ganye da damina, lokacin da ruwa ya wadata, ya yi sabo da rani. Ƙishi ba zai zama amsa ba.

Na ajiye maganar cuta a ƙarshe domin ita ce ta fi wuyar tabbatarwa da ido, kuma ita ce ta fi shafar manomi. Idan fangas ko bairos mai cin ƙwaya mai rai ya shiga ganyen shukar da ta gane shi, ƙwayoyin da ke daidai wurin sukan mutu nan take, cutar ta rasa abinci ta tsaya. E. C. Stakman a Amurka ya bayyana haka a 1915 yana nazarin tsatsar hatsi. Abin da ake gani a ganye ƙaramin ɗigo ne busasshe mai iyaka a fili. Yadda za ku yi a gona: ku nemi ganyen dawa ko wake masu tabo, ku zagaye kowane tabo da alƙalamin maka ba tare da tsinke ganyen ba, ku auna faɗinsa da rula, ku dawo bayan kwana uku, ku sake dawowa bayan mako. Tabon da ya tsaya cikin da'irarsa, bai yi gari ko ƙura a bayansa ba, alama ce shukar ta tare hanya. Wanda ya ƙetare layi yana faɗaɗa, cutar ce ke cin gaba. Ku gaya wa ɗalibai alama ce kawai, tabbaci sai ɗakin bincike. Ku kuma gaya musu dabarar ba ta cin kowace cuta: akwai fangas masu cin mataccen nama, waɗanda mutuwar ƙwaya abinci ce a gare su, har sukan tunzura ta da gangan. Zafi ma yana da tasiri. A shukar taba, ƙwayar gadon N da ke tare bairos mai sa ganye dabbare-dabbare ta daina aiki idan zafi ya wuce digiri 28.

Misalin da ya fi kusa da mu a ƙarƙashin ƙasa yake. Wuta-wutar wake tana liƙe wa saiwa ta huda ta tana tsotsa, kuma manoman Kano da Katsina da Maraɗi sun san ɓarnarta. Akwai wani irin wake daga Botswana da ake kira B301. Idan wuta-wuta ta kama saiwarsa, ƙwayoyin da ke daidai wurin sukan yi baƙi su mutu, ita ma ta bushe kafin ta kai ga bututun ruwa. Masu kiwon iri na cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, IITA, a Kano sun yi amfani da shi wajen fitar da wake mai jure wuta-wuta, kuma a 2009 Michael Timko da abokin aikinsa a Jami'ar Bajiniya ta Amurka suka ware ƙwayar gadon da ke sa shi gane maƙiyin. Domin ɗalibai su gani, ku ɗebo ƙasa daga gonar da wuta-wutar wake ta addaba, ku cika robobi, ku shuka waken gida a rabi, ingantaccen iri mai jurewa a ɗaya rabin. Ku nemi irin ta hannun malamin gona na yankinku, ku tabbatar an ce muku mai jure wuta-wuta ne. Bayan mako biyar zuwa shida ku juye robobin cikin baho, ku wanke saiwar da ruwa a hankali ba tare da fizga ba. A waken gida za ku tarar da ƙullutu manne da saiwa, wasu har sun fara fid da farin tsiro. A mai jurewa ku bi saiwar da gilashin ƙara girma kuna neman ƙananan wurare masu duhu inda aka kama aka kasa shiga. Tunda gwajin na cin mako shida, ku shuka waken a makon farko na zango, tun kafin ku fara koyar da darasin, ku kuma ajiye robobin inda awakin unguwa ba za su kai ba.